Dariyar Maude da aka yanke

Shekara ashirin da shida ke nan da muka rufe Sahabi a Madawa. Ni da na ci aji biyu na lakwal aka kore ni saboda surutu, ni Allah ya bari in yi rubutu a kansa, shi da ya ci takarda har ya ƙoshi. In babu raƙumi sai a ɗora wa jaki.

Sahabi abokina ne tun muna kiwon awaki. Ya yi malanta, sa'annan da aka yi babban taron ƙasa baki ya buɗe, ya zama wakilin rediyo. Yana yawo da manyeto, akwatin ɗaukar murya, a jakar fata, daga Buza har Keita. Ni kuwa kanwa nake sayarwa a kasuwa. Babarbare ne ni, kakana ya zo da fatake ya zauna, kuma zanen yana nan a fuskata, makaho ma ya shafa ya gane.

Babban mai sayen kanwata Maude ne, Bafillace mai ruga kusa da Galma, mai noma da kiwo. Kowa ya san wasan gado da ke tsakanin Barebari da Fulani. Shekara goma sha ban taɓa gaishe shi da ladabi ba. Ni in ce masa ɓarawon gona, shi ya ce mini bawan da kakansa ya saya da ƙwaryar nono, kuma an yi masa tsada.

Wata kaka shanu suka fara gangarowa tun ba a gama ɗaure dawa ba, zukata suka ɗau zafi. Sahabi ya zo kasuwa jin bakin mutane, ya tarar da Maude a rumfata. Da na ga an miƙo mini abin magana sai kaina ya kumbura. Na gyara murya kamar ɗan siyasa na ce Fulani duka ɓarayin gona ne, a kore su da sanda, a fara da na Galma. Maude ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce in an kore su wa zai ciyar da bayinsu masu warin kanwa. Rumfa ta ɗauka da dariya.

Minti biyu aka ba Sahabi a rediyo. Ya zaɓi maganata don ta fi gishiri, ya datse dariyar da amsar Maude, ya ce wani ɗan kasuwa ne a Madawa. Daga baya ya gaya mini ko a ransa bai kawo komai ba, don duk wanda ya ga fuskata ya san wasa ne. Ya manta rediyo ba ta nuna zane.

Na ji muryata a bakin kasuwa, har na yi ta yi wa mahauta alfahari. Kwana uku bayan haka shanu suka shiga wata gona, shanun ba ma na Maude ba ne. Samari suka fita da sanduna suna cewa ai har rediyo ta faɗa. Suka ƙona bukkokin Maude da rumbunsa, suka karya wa ƙaninsa hannu. Ba a rasa rai ba, Allah ya tsare. Amma Maude ya kwashe iyalinsa ya yi arewa, wajen Azarori.

Ba na cewa bakina kaɗai ya kunna wutar, ciyawa ta riga ta bushe. Amma ashanar daga aljihuna ta fito, Sahabi ya ƙyasta.

Ya nemi a sake sa maganar cikakkiya, aka ce labari ya wuce. Sai ya sayi pil, batirin manyeto, da kuɗinsa, ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet, ya bi ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a ƙofar maigari, ya kunna kaset tun daga farko, ya ce shi ya yanke, shi ke da laifi. Ni yake goyowa a baya don a ga fuskata, kamar biri a hannun gardi. Wasu su yi dariya, wasu su sunkuyar da kai. Magana zarar bunu ce, mun yi ta turawa ba ta koma ba.

Tun daga nan bai ƙara tashi daga gaban mutum ba sai ya mayar masa da muryarsa ya ji, ya kuma faɗa masa inda zai yanke. Abokan aikinsa suka riƙa ce masa mai jan ƙafa. Bai damu ba, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibitin mishan, kwanciyar da bai tashi ba.

Yau ina ganin yadda ake yi da waya. Mutum ya yi magana cikin zauren ƴan garinsu, wani ya tsinke rabinta ya watsa, kafin azahar ta kai inda ba a san shi ba, balle a san da wa yake wasa. Har masu kiran kansu ƴan jarida suna kwasa. Da Sahabi na nan, ban san ƙauye nawa zai bi da mobilet ba. Ina jin da kuka zai yi, ko ya jefa wayar rijiya.

Ranar sadakar ukunsa Maude ya zo. Na hango shi, zuciyata ta yi sanyi, na shirya jin an kira ni bawa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Malam Mamman, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi." Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na ce, "Maude, ba ka zage ni?" Ya ce, "Wasa da amana aka yin shi." Ya tashi. Ban ƙara ganinsa ba.

Sahabi bai bar gida ba, bai bar gona ba. Kaset ɗin nan ya bar mini, kuma babu sauran abin kunna shi a garin nan. Abin da ya rage nasa ɗabi'a ce guda: wannan rubutun ma sai da na sa aka karanto mini shi sau biyu kafin in sake shi. Na roƙi mai jarida abu ɗaya. In wuri ya ƙare masa, ya yanke ni, ya bar dariyar Maude.