Tukwanen Gas Goma Daga Kano Zuwa Gwange

Da ana iya goge aikin da hannu ya riga ya yi, da na goge shekaru talatin da na yi ina sa zobe. Haka muke kiransa a sana'ar itace. Malamin daji ba ya hana ɗaukar busasshen itace, ɗanye yake hanawa. Sai mu sassaƙe ɓawon gindin ƙirya ko marke mu zagaye shi, mu tafi. Bayan damina ɗaya mu dawo mu same shi a tsaye ya mutu, mu ce Allah ne ya kashe. Ni na koya wa mutane da yawa wannan dabara, har da ƙanena Bukar.

Itace ya ƙare kusa da gari. Da fitina ta zo, masu sara sai sun wuce ramin da aka kewaye Maiduguri da shi, su yi nisa cikin dajin da ba kowa ke dawowa ba. Ni na tsufa na zauna a Gwange. Bukar kuwa, da furfurarsa da 'ya'yansa bakwai, kullum yana fita. Shekarar da aka yanke mana wutar lantarki gawayi ya yi daraja, fitar ta ƙaru. Shi ya sa na sayar da tsohuwar motata ta itace, na shirya zuwa Kano wurin Alhaji Sani, tsohon abokin cinikina da ya bar gawayi ya koma gas. Ina so in samo wa Bukar sana'ar da za ta zaunar da shi cikin gari. Da ƙyar ya yi mini alkawarin ajiye gatari kwana uku, Litinin zuwa Laraba. Ya ce fiye da haka gidansa ba zai iya ba.

Litinin: Maiduguri zuwa Kano

Na bar gida bayan sallar asuba, na isa tasha ƙarfe biyar da rabi. Bas ɗinmu mai cin mutum goma sha takwas ce. Mun tsaya a layi a bakin gari har ƙarfe bakwai da kwata, sannan sojoji suka buɗe hanya. A lokacin ba a bin hanyar Damaturu sai da rana, da yamma a rufe.

Daga Auno zuwa Jakana nan ne inda matafiya suka fi tsoro. Ina ta kallon gefen hanya. Wuraren da na sani da duhun itace a ƙuruciyata sun zama fili, sai kututture nan da can. Wasu na san su kamar yadda mutum ya san ƙofar gidansa.

Kusa da ni akwai wata malamar makaranta, Malama Saratu, mutuniyar Biu, tana koyar da kimiyya a Maisandari. Bayan mun wuce Beneshek ta tambaye ni abin da zai kai ni Kano. Na gaya mata, har na ƙara da cewa ai gas ba shi da hayaƙi, ya raba mu da laifi ke nan. Ta ce ba haka ba ne gaba ɗaya. Gas ya fi itace da gawayi nesa ba kusa ba, yana barin daji ya huta, yana kuma raba mata da hayaƙin da ke cin idonsu da ƙirjinsu. Amma shi ma yana sakin iskar da ke ɗumama duniya, ido ne kawai ba ya gani. Ta ce akwai wata iska, haidirojin, da ake rabowa daga ruwa da wutar hasken rana, in an ƙona ta tururi kawai take bari. Tana da tsada, kuma manyan masana'antu za ta fara yi wa amfani kafin ta zo kan murhun kowa.

Direba ya ce, "Malama, mu da ke sayen ruwa a kura, shi ma ruwan za a ƙona?"

Aka yi dariya, dariyar farko tun fitowarmu. Ni kuwa na ce mata to me zai sa in wahala, in gas ɗin ma ba ƙarshe ba ne.

Ta ce, "Baba, ƙanenka yau yake shiga daji. Ka fitar da shi da abin da ke akwai. Na gaba 'ya'yansa za su gani."

Mun shiga Damaturu ƙarfe goma, kilomita wajen ɗari da talatin da biyar, shingen bincike na daina ƙirgawa a na tara. A Potiskum muka yi azahar, na ci shinkafa da wake. Malama Saratu ta sauka a Azare. Muka ratsa Wudil, muka shiga Kano ana kiran magariba. Alhaji Sani ya sauke ni a ɗakin baƙinsa.

Talata: Kano

Wuni na yi a shagonsa ina koyo kamar ɗan makaranta. Ya nuna mini yadda ake ɗora tukunya a sikeli kafin a zuba da bayan an zuba, da dalilin da ba a cika ta har wuya. Ya nuna mini yadda ake shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tukunya ba ta kwanciya, ba ta zama cikin rana, ba a kunna ashana don a duba ta. Sau uku ya sa na maimaita. Ya ce ni da na saba jefa kaya daga kan mota, nan ba a jifa.

Na sayi ƙananan tukwane goma sababbi, babu komai cikinsu, da kan girki goma da ake ɗaura musu, da sikeli ɗaya. Gas ɗin kansa a Maiduguri za mu riƙa sayensa a sari. Alhaji ya rubuta mini takardar sayen kaya, ya ce in riƙe ta a aljihun gaba. Ya samo mini akori-kura mai kai kayan masarufi Maiduguri. Da yamma na ga yadda ake loda kaya, na ji tsoron kada fentin tukwanen ya goge, mata su ce tsofaffi ne. Sai na nemo buhunan gawayi a maƙwabta, na zura kowace tukunya cikin nata, na ɗinke baki da igiya yadda na saba. Ban gaya wa Alhaji ba. A ganina gwaninta na yi.

Laraba: Kano zuwa Damaturu

Mun tashi ƙarfe biyar da rabi. Lissafin direba shi ne mu wuce Damaturu da azahar, mu shiga Maiduguri kafin la'asar. Ƙarfe goma sha ɗaya muka bar Potiskum. A wani shinge kafin Damaturu soja ya hau bayan mota, ya taɓa buhu ɗaya da ƙafa, ya ji ƙarfe. Ya diro, ya ja da baya da baya. Nan take aka tsayar da hanya, aka sa ni da direba muka durƙusa can nesa, hannu a kai.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. A ƙasarmu an sha ɗura abin fashewa cikin tukunyar gas. Ga tukwane goma cikin baƙaƙen buhuna, baki a ɗinke, sun nufi Maiduguri. Ko ni ne a wurin ba zan yarda ba.

Babbansu, wani mai magana a hankali, ya karanta takardar, ya kira Alhaji Sani a waya. Sannan ya tsaya a kaina.

"Baba, wa ya ce ka ɓoye su?"

Na ce, "Ba ɓoyewa na yi ba, ranka ya daɗe. Fenti nake tsoro."

Ya juya ya dubi buhunan. Ya ce tunda ni na ɗinke, ni zan warware. Ni kaɗai na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na kai fili, na yanke igiya, na buɗe bakin kowace, na ɗaga ta sama su ga ba nauyi. Suna can nesa suna kallo. Bayan haka sai da muka jira wani mai na'urar dubawa ya zo daga gari. Ba su zage ni ba, har ruwa suka ba ni. Direba ne bai ƙara yi mini magana ba.

Mun shiga Damaturu ƙarfe huɗu da rabi, an rufe hanya. Na kira Bukar na gaya masa, na roƙe shi ya ƙara mini kwana ɗaya. Ya ce, "Ya Modu, kwana uku na ce, na kuma cika. Matata Falmata yau kunu kawai ta dama." Na ce zan sa a kai musu hatsi. Ya ce ba zai aika 'ya'yansa gidana da kwano ba alhali yana da hannu. A masallacin tasha na kwana.

Alhamis: Damaturu zuwa gida

An buɗe hanya ƙarfe bakwai. A kowane shinge ni nake fara sauka in nuna tukwanen a fili, da takarda a hannu. Ba wanda ya riƙe mu fiye da minti goma. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi Keke Napep biyu suka sauke ni a ƙofar gidan Bukar. Falmata, matarsa, ta fito ta gaishe ni, ta ce ya fita tun bakwai, su tara.

Na jera tukwanen a inuwar zaure, na zauna kusa da su. Masu itace kan dawo tsakanin biyu da uku. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Falmata ta kawo abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta kawo. Wayarsa ba ta shiga.

Wajen ƙarfe biyar ya shigo lungu, ba kura, ba gatari, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya zauna a ƙasa ya sha ruwa. Ya ce sun ji baburan 'yan bindiga, kowa ya watse. Su bakwai suka kai bakin rami. Ali Gana da Mala ba su fito ba. Na san su duka biyu. Ali Gana a hannuna ya fara riƙe gatari, ni na nuna masa inda ake sara.

Can Bukar ya miƙa hannu ya jawo tukunya ɗaya, ya juya ta, ya ce in nuna masa yadda ake ɗora ta a sikeli. Na nuna masa.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida, ya kuma dawo mini da ɗan'uwana. Na gode wa Alhaji Sani da Malama Saratu, da sojan da ya saurare ni. Bukar yana nan da shagonsa a bakin titi. Mala ya dawo bayan kwana tara. Ali Gana har yau ba labari, matarsa a wurin Bukar take cika tukunyarta, ba ya karɓar komai.

Mutum ɗaya kawai na iya fitarwa daga daji, cikin da yawa da na shigar. Wanda ya karanta wannan, in yana da wata dabarar cin abinci da ya san ba ta da kyau, ina roƙonsa kada ya koya wa kowa.