Baƙin Mai a Gonar Gandu

Kawuna Audi Bahago shi ne mutumin Kurfi na farko da na san an ciyar da shi saboda harbin ƙwallo. Wani kamfanin sayen gyaɗa a Kano ya ɗauke shi da sunan masinja, amma ko takarda ɗaya bai taɓa kai wa kowa ba. Aikinsa ya sa gajeren wando ya ci raga da ƙafar hagu. Ni da na tsere daga elemantare saboda bulala, ban ga sana'ar da ta kai wannan ba.

A 1957 wani ƙato ya taka masa gwiwa a fili, ƙwallo ta ƙare. Manajan kamfanin ya tausaya masa, ya sa shi ɗaukar jakar sandunan golf, wasan da Turawa ke dukan 'yar ƙwallo fara su bi ta har ta faɗa rami. Daga ɗaukar jaka ya koyi bugu. Da manajan zai koma ƙasarsu bayan samun 'yancin kai, ya bar masa sanduna biyu. Da su Kawu ya dawo gida yana ɗingishi.

Kakata Inno, mahaifiyarsa, ta juya sandar ta ce, "Wagga hauya ba ta noma, Audi."

Na ce, "Tsohuwa, ki karɓa ki riƙa tuƙa tuwo, ko ya daina gudaji."

Ta jefe ni da mara.

Gonarsu tana kan hanyar Ɗantutture. Tun rasuwar mahaifinsu ba a raba ta ba, gandu ce, kuma duk shekarun da Kawu Audi ya yi a Kano wansa Sodangi ne ke nome ta, yana zuba rabon ƙanensa a rumbu ɗaya da nasa. Inno ba ta da abin alfahari kamar wannan.

Da rani Kawu Audi ya ji za a yi gasa a Kano ta masu buga golf don sha'awa, kuma yanzu baƙar fata ma yana iya shiga. Ya ce sai ya yi shiri. A Kano ba ciyawa ke kewaye da ramin ba, rairayi ne ake kwaɓawa da baƙin man mota a daddaɓe, don ƙwallo ta gangara sumul. Ya je tashar Dutsin-Ma ya roƙo baƙin mai wurin direbobi, garwa bayan garwa. Ya duba gonar, ya zaɓi inda ya fi shimfiɗa. Wurin nan kuwa shi ne inda Sodangi ya sauke Fulani da shanunsu bayan kaka, ya ba su dawa don su bar masa taki.

Sodangi ya zo ya tsaya yana kallon baƙar da'irar, faɗinta ya kai na ɗaki huɗu.

"Audi, mi ka zuba ma ƙasa?"

"Mai ne, Yaya. Ruwan farko zai wanke shi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Bai tabbata ba. Shekarunsa a filin Kano bai taɓa tambayar abin da ya sa ko ƙaya ba ta tsira a wurin ba.

Mutane suka riƙa zuwa kallo. Ni na sa wa wasan suna neman ɓera, har ya bi gari. Amma in ya ɗaga sandar nan ya juya ƙugu, ƙwallo ta tashi ta ƙetare kukar bakin gona, har masu dariya sukan yi shiru.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Gero ya tsiro ko'ina ban da da'irar, har da gefenta inda ruwa ya ja man. Wuri mafi taki a gonar ya zauna baƙi ƙirin yana ƙyalli. Ranar gasa kuma saura kaɗan.

Sodangi ya ce, "Ka zauna mu kwashe ƙasar nan tun da sauran damina, mu sake shuka. In ka tahi Kano, ka dawo ka iske iyaka."

Inno ta riƙe wa Kawu Audi riga. "Audi, ɗiyan ƙwallo sun hi ɗan'uwanka?"

Ya ce, "Inno, tun da ƙahata ta karye ba a sake kiran sunana a hili ba. Sau ɗaya dai."

Ya tafi. Ya zo na biyu, aka kira sunansa, aka ba shi ɗan kofi da bai kai moɗa ba. Ya dawo ya iske Sodangi ya dasa gamba ta ratsa gonar, baƙin wurin ya faɗa ɓangaren Kawu Audi. An raba rumbu, an raba tukunya. Daga ranar, tsakaninsu sai ina kwana.

Bai sake zuwa Kano ba. Sandar ta koma dogarawa. Rani biyu yana haƙe ƙasar da kwando, ya kai ta rafi ya zubar, ya ɗebo sabuwa da taki. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Na ce in taya shi, ya ce, "Bilya, kai da ba ka iya ɗaukar allo ba?" Ya hana. Sodangi yana wucewa ta ƙetaren gamba yana gani.

A bazarar 1966 Kawu Audi ya gama cike ramin. Kafin ruwa ya sauka sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauke shi. Inno ta ajiye kofin a ɗakinta, ba ta yarda a taɓa.

Da aka yi ruwan shuka, Sodangi ya kira ni gona. Ya tumɓuke gambar da hannunsa, tushe bayan tushe, ya sare wurin, ni ina zuba iri a bayansa.

Da muka kai ƙarshen layi ya dogara da sungumi, ya ce, "Jira nike gero ya hito, in je in ce mishi ya hito. Da wannan za ni hwara magana."

Geron ya fito, siriri, bai kai na kewaye ba.