Albasar da na lulluɓe da leda

Shekarun baya, ina koyarwa a Argungu, maigidan da nake haya a gidansa ya tashi tafiya aikin Hajji. Manomin albasa ne, ni kuma Kirista, malamin lissafi da bai taɓa shuka ko tattasai ba. Amma ni ya miƙa wa makullin rumfar da ya baza albasarsa ta shekara.

"Malam, ga ta nan hannunka," in ji shi. "Kai ka tsoron Allah, ban da damuwa."

Wannan yabon ne ya hana ni sakat. Kwana uku da tafiyarsa hadari ya haɗu. Na ce a raina, ko ɗigo ɗaya ba zai taɓa amanar nan ba. Na je Birnin Kebbi na sayo leda mai kauri, na lulluɓe albasar ruf, na danne da duwatsu, na kulle ƙofa. Kullum sai na je na girgiza kwaɗon, in koma ina jin kaina wani babban wakili.

A mako na uku wari ya fara. Na san daga inda yake fitowa, amma tsoro ya hana ni buɗewa. Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan bawan da ya binne abin da ubangidansa ya ba shi don tsoro. Ina zaune, na ga da ni yake. Ana tashi na ruga gida na yaye ledar. Kusan rabi ta zama ruwa.

Da Alhaji ya dawo, na tare shi tun bai huta ba. Na ce, "Baba, ko ɗaya ban ɗauka ba."

Ya daɗe yana kallon rumfar. "Na sani, ɗana. Amma albasa iska taka so, da hannu mai juya ta. Mi ya hana ka tambaya?"

Bai sake tayar da maganar ba, ni kuwa ba ta bar ni ba.

Har yau, idan na tuna ranar da zan tsaya gaban Ubangiji a kan 'ya'yana da ɗalibaina da lokacina, rumfar nan nake gani. Na riga na gwada "ban ɗauki komai ba" a gaban mutum mai haƙuri, na kuma ji yadda ta fito daga bakina ba nauyi.