Tagar da Baffa Bai Buɗe Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu bibiyar wannan shafi. Gara in faɗa tun yanzu, ba don na huce na ɗauki biro ba. Shekaru sun wuce, na yi aure, ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata, amma duk ranar da abin ya faɗo mini a rai sai fushin ya dawo mini sabo. Ba zan kama sunan kowa ba. Wanda abin ya shafa, in an karanta masa zai gane kansa.

A lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, sashen lissafi. Ni 'yar wani ƙauye ce da ke bayan Runka a ƙasar Safana. Iyayena sun rasu ina ƙarama, yayar mahaifina ce ta raine ni, Gwaggo. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, Uwata take ce mini ko da faɗa take yi mini. Ƙanin mahaifina kuwa, Baffa, ɗan kasuwar hatsi ne a Batsari. Shi ya tsaya mini a karatu, kuma ba ya bari a manta da haka. In na je hutu sai ya nuna ni ga abokansa ya ce ga 'yarsa ta jami'a, ni kuma kaina ya kumbura. Ina son a ce na sani, wannan halina ne a lokacin.

Aikin binciken da na zaɓa don kammala digiri daga gida na ɗauko shi. Akwai wani reshe na lissafi da ba ya tsayawa kan nawa ne abu yanzu, sai dai da wane sauri yake ƙaruwa ko raguwa. In ka iya rubuta dokar saurin, lissafin zai nuna maka inda abin zai kai gobe da jibi. Da shi ake bin yaɗuwar cuta a gari, da yadda magani ke raguwa a jinin mara lafiya, da yadda ruwan dam ke ja da baya in rani ya yi. Ni kuwa a kan wake na ɗora shi. Na fara da yadda ƙwari ke hayayyafa a buhu, inda yawansu ne ke ƙara saurin yawansu, shi ya sa buhun da ka gani lafiya lau, kafin ka ankara ya zama gari. Daga nan na koma kan ƙwayar nan ta maganin ƙwari da 'yan hatsi ke ƙullewa a tsumma su cusa cikin buhu. In ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da iskar guba a hankali, gubar kuma ba ta san bambancin ƙwaro da mutum ba. Dokar da na rubuta ba ta da wuya: gubar da ke ɗaki tana ƙaruwa da abin da ƙwayar ke fitarwa, tana raguwa da abin da iska ke kwashewa ta taga. A takardata harafi ɗaya ne tak yake tsaye a madadin tagar. In darajarsa babba ce, layin zanen ya hau ya sauko da wuri. In ƙarama ce, ya daɗe a sama. Malamin da ke duba aikina kullum yana nanata mana cewa kafin ka rubuta amsa, ka rubuta sharaɗin da take tsaye a kai. Har haushin nanatawarsa nake ji.

A shekarun nan kowa ya san halin da yankinmu yake ciki. 'Yan bindiga na ƙona rumbuna, don haka mai hatsi ya daina barinsa a ƙauye. Baffa ya kwaso wakensa kaf ya tara a gidansa na Batsari yana jiran ya yi tsada. Wata rana da hantsi ina fitowa daga aji ya kira ni daga kasuwa, ina jin hayaniyar masu awo a bayansa. Bayan doguwar gaisuwa da tsokanar da ya saba, wai likitar wake, sai ya tambaye ni kwana nawa ake yi bayan an sa ƙwaya kafin mutum ya iya zama a ɗaki. Na ce masa ba adadi ɗaya ba ne, ya danganta da girman ɗakin da yawan ƙwayar da yadda iska ke ratsawa, kuma ni a takarda nake aikina, ya tambayi malaman gona. Ya yi dariya ya ce ashe duk karatun nan da ake ta yi ban iya ba shi lamba ɗaya ba. Maganar ta soke ni. Ya ce siton nan ne na ƙarshen gida, mai tagogi biyu suna kallon juna, wanda na sani tun ina yarinya. Na ce to, in an fitar da buhunan duka, an kwashe ragowar ƙwayar an binne, an bar tagogin biyu da ƙofa a buɗe dare da rana, ga adadin kwanakin. Na maimaita masa sharuɗɗan, yana ta cewa to, to, zai buɗe, zai kwashe. Ba zan rubuta adadin a nan ba, don kada wani ya ɗauke shi tsirara kamar yadda Baffa ya yi. Bai gaya mini wa zai zauna a ɗakin ba, ni kuma na zaci leburori masu sauke kaya yake nufi.

A makon ne 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu. Gwaggo ta tsira da ƙunshin kayanta, ta hau a-kori-kura tare da sauran mata zuwa Batsari. Gidan Baffa ya cika da dangi, ana kwana a cushe a ɗakin matarsa. Ina kiran Gwaggo a waya kullum. Bayan wasu kwanaki ta gaya mini cikin murna cewa an ba ta ɗakinta ita kaɗai, ƙaninta ya kyauta, yanzu za ta samu ta yi sallolinta a natse. Na taya ta murna, ban tambaye ta wane ɗaki ba ne. Wannan tambayar da ban yi ba ita ce rabona a cikin abin, kuma ba na neman kowa ya ɗauke mini ita.

Ciwon kai ya fara kama ta, sai amai, sai ƙirji ya riƙe. Wasu suka ce firgitar da ta yi ce, wasu suka ce shawara. Aka sayo magani a kemis, aka yi mata rubutu, aka kwantar da ita a ɗakin, aka ja ƙofa don kada iska ta buge ta. In ta fito tsakar gida ta sha rana sai ta ɗan ji dama, a ce magani ya fara aiki, a kama ta a mayar da ita ciki ta huta. Haka aka yi ta yi, jikin na ƙara tsanani ana ƙara rufe ta. Ni ana ce mini da sauƙi, wai kada a tayar mini da hankali ina shirin jarrabawa. Ranar da ta kasa tashi aka kai ta asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta tambayi inda take kwana da abin da ke ɗakin. Ita ce mutum na farko da ya yi wannan tambaya, amma lokaci ya riga ya ƙure. Kafin in samu mota har an kai ta makwancinta.

Da na shiga gidan makoki sai na ga mata suna kallona suna kau da kai. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce kada in sa abin a raina, kuskure kowa yana yi. Ban gane kuskuren da take nufi ba sai da na wuce ta bayan zaure na ji muryar Baffa. Duk ayarin da ya zo ta'aziyya sai ya gaya musu cewa shi fa bai yi ganganci ba, sai da ya tambayi 'yarsa ta jami'a, ta yi lissafi ta ba shi kwanaki, ya kuma jira suka cika cif. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa lissafin 'yar boko ya kashe matar da ta raine ta.

Na tafi ƙarshen gida na tura ƙofar siton. Wani wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Buhuna ne jere har kusa da rufi, an dai matsar da wasu an bar ɗan fili, a nan tabarmarta take da butarta da carbinta. Na zaro wani tsumma daga bakin buhu, ga garin ƙwayar nan toka-toka a ciki. Na ɗaga kai ina neman tagogin. An toshe su da bulo an shafe da laka, lakar ta bushe har ta tsage, zanzaro ya yi gidansa a kai ya tashi ya bar shi. Ba wanda ya taɓa tagogin nan tun bara.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a zaure cikin maza ba. Na durƙusa na gaishe su kamar yadda aka koya mini, sannan na tambayi Baffa a gabansu ko na ce masa ya buɗe taga ko ban ce ba, ko na ce ya kwashe buhuna ko ban ce ba. Bai musa ba. Cewa ya yi in ya fasa tagogin, kowane mai wucewa zai leƙo ya ga abin da ya tara, kuma gari cike yake da infoma masu kai wa 'yan bindiga rahoto, so nake a zo a ɗauke shi? Buhunan kuma ina zai kai su? Ya ce shi dai kwanakin da na faɗa ya cika su, sauran kuwa ajali ne. Na san tsoronsa ba ƙarya ba ne, an ɗauki mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Amma da ya gaya mini ba zai buɗe ba, da na ce masa ko shekara aka yi kada ɗan adam ya kwana a ciki. Yana iya shimfiɗa mata a rumfar tsakar gida. Yana iya sayar da waken, sai dai a lokacin bai yi tsadar da yake so ba. Na faɗi wannan ma. Nan dattawa suka taso mini, wai mace ba ta shiga zaure ta ɗaga wa ubanta murya, wai in tuna abin da ya yi mini, in yi haƙuri in bar wa Allah. Duk cikinsu ba wanda ya tashi ya je ya dubi tagar, alhali taku kaɗan ne daga inda suke zaune.

Na koma makaranta da niyyar in yar da aikin, malamina ya lallashe ni na ƙarasa. Ranar da na tsaya kare shi, ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya nuna harafin nan na taga da bironsa ya tambaye ni me zai faru in darajarsa ta zama sifili. Tambaya ce ta yau da kullum, ana yi wa kowa irinta. Na ce layin zai hau, ba zai sake saukowa ba. Ya ce me wannan yake nufi a zahiri. Na ce duk wanda ke ɗakin zai mutu. Ya gyaɗa kai ya ce amsa ta yi kyau, ya rubuta maki. Na fito na zauna a bayan ajin na yi kukan da ban samu yi ba a gidan makoki.

Har yau Baffa bai ce mini ya yi kuskure ba, kuma har yau akwai waɗanda in sun gan ni a biki suke taɓa juna. Ina gaishe shi don ƙanin ubana ne, iyakarta ke nan. Ga masu ajiye hatsi a gida, ina roƙonku da Allah, ɗakin da aka sa ƙwayar nan ba wurin kwana ba ne, ko da wa ya ba ku kwanaki. In mutum ya fara amai da ciwon ƙirji a kusa da buhuna, ku fitar da shi sarari ku nufi asibiti, ku kuma faɗi abin da ke ɗakin. Ga 'yan uwana masu karatu kuwa, duk wanda ya matsa muku sai kun ba shi lamba ɗaya, ku tambaye shi don wa, kuma me zai yi da ita. Sharaɗin ba ya raka amsar zuwa kasuwa, a bakinku yake tsayawa, lambar ta tafi ita kaɗai da sunanku a manne. Gara a ce ba ku iya ba. Ɗalibaina sun san ni, in yarinya ta kawo amsa ba sharaɗi a samanta, mayar mata da littafinta nake ko da daidai ta yi.

Abin da ya hana ni hucewa kuwa, matar Baffa ce ta gaya mini shi, ranar da ta zo ganin ɗakina bayan aurena. Ta ce ta gaji da riƙe shi. Ranar da aka kai Gwaggo bakin siton, ta tsaya a ƙofa ta ƙi shiga. Manomiya ce, ta san warin nan, ta ce ita dai gara a bar ta a cikin cunkoson. Sai Baffa ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ni ce na yi lissafin da kaina na ce ba komai. Matar Baffa ta ce Gwaggo ta yi murmushi ta ce in dai Uwata ce ta faɗa, to shi ke nan. Ta ɗauki tabarmarta ta shiga.