Shekarar da Ba Mu Raba Naman Kirsimeti Ba

Jiya da hantsi na ji mahaucin bakin layinmu yana wasa wuƙa a dutse, sai na kasa ƙarasa wankin da ke gabana. Na zauna, na tashi, na sake zama. Ƙarar nan ba ta kai ni ko'ina sai ƙauyenmu na kusa da Urafane, safiyar Kirsimeti.

Mu Kirista 'yan kaɗan ne a ƙauyen. Sauran duk Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, gonakinmu iyaka ɗaya. Maƙwabtanmu ba sa cin naman da ba Musulmi ya yanka ba, saboda haka Baba bai taɓa yanka akuyar Kirsimeti da hannunsa ba. Wani tsohon maƙwabcinmu da muke kira Kaka shi ke yanka mana. Tun da safe zai wasa wuƙarsa, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna gindin itacen bedi yana jiran mu taso daga majami'a. In an dafa, mu 'yan mata mu bi gida-gida da kwanoni. Lokacin an gama girbi, rumbuna sun cika, ga ɗari mai sa ka riƙe kwano mai zafi da hannu biyu.

Shekarar da nake ba ka labari, yayana ya zo hutu daga koleji a Tasawa. Shi ne na ɗaya a ajinsu, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ko tuwo zai nema, sai ya haɗa da Faransanci. Ranar bai jira an tashi daga sujada ba, ya riga mu gida. Muna shigowa muka tarar da akuya a rataye, ya kusa gama fiɗa.

"Wa ya yanka?" in ji Baba.

"Ni. Na karanta, Baba, Littafi bai ce sai wani ya yanka muna ba."

Baba mutum ne mai bin Littafi da yatsa, kalma-kalma. Ya daɗe yana kallon akuyar. "Karatunka daidai ne," ya ce. "Amma akuyar ga ba tamu ba ce mu kaɗai. Leƙa waje."

Kaka na nan gindin bedi da wuƙarsa a cinya, jikokinsa kewaye da shi. Wani yaro ya riga ya kai masa labari. Ya tashi a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya shige gida.

Ranar ban ɗauki kwano ko ɗaya ba. Nama ya yi mana yawa har ya gundure mu. Da la'asar Baba ya yanke hukunci: yayana ba zai koma Tasawa ba sai Kaka da bakinsa ya ce ya koma.

"Maigida, ku yi haƙuri," in ji Inna, "yaron ga shi ne na ɗaya."

"Na ɗaya cikin su wa? Nan garin shi ne na ƙarshe."

Yayana ya ƙi zuwa wurin Kaka. Ya ce bai yi zunubi ba, kuma in gaskiya za a bi, bai yi ba. Hutu ya ƙare, abokansa suka hau amalanke suka tafi, shi yana cikin gida yana kai da kawo kamar akuya a turke. Jarrabawa ta zo ta wuce. Inna ta rame. Ni kuwa haushin Baba nake ji, ina ganin zai kashe wa yaro karatu a kan nama. Har yau akwai ranakun da nake ganin ya tsananta.

Daga baya dai yayana ya je. Ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa. Kaka ya ce, "Ɗana, ba nama ne ya dame ni ba. Ado na ci, na zauna gaban jikokina ina jira." Shi da kansa ya riƙo hannunsa har gidanmu, ya ce wa Baba, "Bar shi shi tahi."

Na ɗayan nan ya kuɓuce masa a shekarar. Da ya dawo babban hutu yana sunkuyar da kai, Baba bai ma tambayi sakamako ba. Cewa ya yi, "Ka biya ka gaida Kaka?"

Yanzu ina zaune a Tasawa, ni ma ina da ɗa na ɗaya a aji. Ina alfahari da shi, ba zan ɓoye maka ba. In ya shigo daga lakwal, wato makaranta, makin da ya samu nake fara tambaya. A mahauta muke sayen nama, babu wanda ke zaman jiran mu taso daga majami'a. Kirsimetin bara na zuba shinkafa da nama, na ce ya kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu. Ya ɗago kai daga karatunsa cikin ladabi, ya karɓi kwanon da hannu biyu, sannan ya ce, "Mama, wane gida ne nasu?"

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita tun kafin a haife shi.