Isufu Tela, Wanda Ya Sa Inna Ta Dube Ni

Labari ya same ni da safiyar nan ina riƙe da kofin shayi: Isufu Tela ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shayin yana nan inda na ajiye shi, ya huce.

Ɗansa ne ya kira ni a waya. Ya ce jiya ma sai da tsohon ya yi wa jikokinsa faɗa a kan wani fim da suke kallo, wai an ɓata ƙarshensa. Na ce to, Isufu ke nan.

Ni ba gwanin rubutu a shafin nan ba ne, da yatsa ɗaya nake dannawa. Amma yau sai kun yi haƙuri da ni. Kuka na riga na yi shi a ɗaki. Nan kirari na zo yi wa abokina.

Tsofaffin Sabon Gari a nan Maraɗi sun san shi da Alƙalin Sinima. Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, shugabanmu na farko ke mulki, mu kuma samari ne masu jin kanmu. Ni ina aikin auna gyaɗa a wurin wani Alhaji, shi yana ɗinki a wata 'yar rumfa kusa da masu shayi.

Duk fim ɗin da aka kawo gari, Isufu ne a bencin gaba ranar farko. Da safe sai rumfarsa ta cika, ana jiran hukunci. Yana taka keke, allura a baki, ba ya ko ɗaga kai. In ya ce "a je", gidan sinima ya cika. In ya ce "barci ya hi shi", to mai sayar da tike sai ya yini yana korar ƙuda.

Kuma ko ka haɗa shi da Allah ba zai faɗa maka ƙarshen fim ba.

Mutum ɗaya yake faɗa wa, wani tsoho makaho mai tufka igiya a gefen rumfarsa. Shi kam daga farko har ƙarshe, da muryar sarki da ta ɓarawo da haniniyar doki. In mun matso mu saurara sai ya kore mu, ya ce mu muna da idanu.

Ranar da na fara zama a rumfarsa, baƙo ne ni daga ƙauye, aljihun rigata a yage. Ya dubi aljihun. Ya miƙo hannu na tuɓe, ya ɗinke, ya ci gaba da musunsa a kan wani fim na 'yan kaboyi.

Yanzu ga abin da ya yi mini.

Ni ɗan fari ne. Ku yaran yanzu da uwa ke kiran ɗan farinta a waya tana tambayarsa ko ya ci abinci, ba za ku gane ba. A zamaninmu kunyar ɗan fari ake yi. Ana yaye ni aka kai ni Tsibiri wurin kakata, uwar mahaifiyata, wadda muke kira Iya. Inna kuwa, wato mahaifiyata, tana Jiratawa tana ginin tukwane.

In na je gaishe ta, sai ta juya gefe. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take cewa. Za ta zuba mini tuwo har ya fi na kowa, ta sa nama a ƙarƙashi, amma ƙanwata za ta ba ta kawo mini. Na san tana sona. Sai dai ban taɓa ganin idonta cikin nawa ba. Gefen fuskarta na sani, da bayan kallabinta.

Ta rasu da damina, ina Maraɗi. Ko hoto ɗaya ba ta bari ba. Na kan zauna in ce bari in tuno fuskarta, sai in ga kunne da kumatu kawai. Abin yana cina, kuma Isufu kaɗai na taɓa faɗa wa. Ya san ta, don ya sha raka ni Jiratawa ya ci tuwonta. Shi tana dubansa, har ta yi masa ba'a.

Wata safiya cikin kakar gyaɗa sai ga Isufu a wurin aikina, tef ɗin awo a wuya. Mutumin da ba ya barin kekensa ko gobara ake yi.

Ya ce, "Lawali, aje buhun ga ka zamna."

Na ce, "Lahiya?"

Ya ce, "Na ga Inna."

"Wace Inna?"

"Taka. Jiya, ga bangon sinima. Da raina da lahiyata na gane ta."

A lokacin kafin a sa babban fim, akan sa wani ɗan gajere na gaskiya, irin wanda kuke kira dokimante yanzu. Gwamnati ke aikowa daga Yamai, don mutanen ƙasa su ga ƙasarsu. Ba wanda ke kallo. Lokacin sayen rake ne da neman wurin zama. Ashe wanda aka sa daren jiya a kan maginan tukwanen Jiratawa ne. Na tuna an taɓa ba ni labari wasu sun je garin da na'ura mai ƙafa uku, ban ɗauke shi komai ba.

Na miƙe zan tafi gidan sinima a lokacin. Ya riƙe ni.

Ya ce samari sun yi ta fito suna jifan bango da ɓawon gyaɗa, suna ihun a sa musu Indiya. Mai gidan ya sa aka kashe tun bai kai rabi ba, ya ce ba za a ƙara sa shi ba. An naɗe fim ɗin an mayar da shi cikin gwangwaninsa, ƙarshen mako mota za ta koma da shi Yamai.

Na koma na zauna.

Muka je wurin mai gidan tare, wanda ake ce wa Mushe, wato yallaɓai da Faransanci. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya ce, "Alƙali, mutane ba su yankan tike don su ga mata na taɓa yumɓu. Kana so a karya mini benci?"

Isufu ya ce, "Mushe, in mutane sunka nema da bakinsu hwa?"

Ya yi dariya. "In sun nema, in sa."

Washegari rumfa ta cika kamar kullum, ana jiran hukuncin fim ɗin Indiya. Isufu ya cire allura daga baki, ya ɗaga kai, ya ce, "Na Indiya ban da magana a kai. Amma ɗan ƙaramin da anka kashe, shi na ce a je."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce Alƙali ya fara shan abin da ba shayi ba. Kafin azahar an canza masa suna zuwa Alƙalin Tukwane, yara suna bin sa da shi. Na ji kunya a madadinsa. Na ce ya bari, kar sunan da ya daɗe yana ginawa ya zube saboda ni.

Ya ce, "Sunan mi? In ban iya cika gidan ga don uwarka ba, ashe can ma banza nike."

Ya rufe rumfa. Kakar gyaɗa fa, lokacin da kowa ke kawo yadi. Ya ari keken hawa ya nufi Jiratawa, ya bi gida gida na magina. Ya ce wa wannan an ga randarta, ya ce wa waccan an ga jakin mijinta. Bai faɗa wa kowa abin da ya wuce haka ba, wai kar ya ɓata musu fim.

Mai wuyar ita ce Iya. Muka same ta a Tsibiri tana kaɗi. Ta ce, "Ni? Da hurhurata in shiga gidan 'yan iska? Isuhu, ashe ba ka da kunya?"

Ya durƙusa ya ce, "Iya, ba sinima za ki ba. Ɗiyarki za ki gani."

Mazarin ya tsaya a hannunta. Sai ta aiki yarinya ta ɗauko mata mayafinta na zuwa biki.

Ranar ƙarshe kafin a mayar da gwangwanin, Sabon Gari ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Tun la'asar mutanen Jiratawa ke shigowa, wasu a ƙasa, wasu a kan jakuna, wasu a bayan wata kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, da direbanta ya tausaya musu. Tsofaffin mata da tabarminsu da butocinsu, a ƙofar gidan sinima! Mai sayar da tike ya rasa ko gaishe su zai yi ko gudu zai yi. Suka yi magariba a nan bakin titi, suka shiga.

Samarin gari na ganin an cika sai suka fara nasu: "Indiya! Indiya!"

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Tukwane!" Mutanen Jiratawa suka ɗauka. Teloli abokan Isufu suka ɗauka. Ni ma na ɗauka.

Isufu ya hau benci, tef ɗinsa na lilo a wuya. Gajere ne, amma ranar ya yi tsawo. Ya ce, "Samari, ku ji ni! Kullum muna nan muna kuka don uwayen wasu, cikin harshen da ba mu ji. Ni na tura ku, kuma ban yi ƙarya ba, sun iya. Yau namu za mu kallo. Wanda bai iya yin shiru ba, ga ƙohwa."

Ba wanda ya fita.

Mai gidan ya dubi taron, ya dubi Isufu, ya ɗaga wa mai injin haska fim hannu.

Haske ya faɗa kan farin bango. Wata murya tana bayani da Faransanci, ba wanda ya kula ta. Ga ramin yumɓu. Ga jakin da aka yi alkawari, mai shi ya yi kabbara aka yi dariya. Ga mata a zaune a inuwa. Sai hannaye guda biyu suka cika bangon, suna shafa bakin tulu. Tun kafin a nuna fuska na gane su. Hannayen da ke ɓoye nama a ƙarƙashin tuwo ne.

Kanta a sunkuye yake, kamar yadda na san ta. Na ce a raina, ko a nan ma gefe zan samu.

Sai ta goge goshi da bayan hannu, ta ɗago. Ban san me mai ɗaukar hoton ya ce mata ba. Ta dubo gaba sosai, ido cikin ido, ta yi dariya.

Jama'a, ashe Inna tana da wushirya.

Irin tawa. Na girma ina tsammanin ni kaɗai ne da ita a gidanmu.

Iya ta miƙe tsaye ta kira sunan 'yarta da ƙarfi, sunan da ban taɓa jin an kira a gabana ba. Ni kuwa kuka nake yi kamar yaron goye, kuma ban ji kunyar kowa ba. Isufu yana gefena, bai dube ni ba, hannunsa kawai ya ɗora a gwiwata.

Fim ɗin ya ƙare. Can sai wani daga cikin masu ihun Indiya, wani ƙato mai dako, ya ce, "A sake!" Gida duka ya ɗauka. Aka sake. Inna ta sake dubana.

Da aka zo sa na Indiya, tsofaffin suka naɗe tabarminsu suka fita a jere, samari na ba su hanya suna tafi. Wasu suka ɗaga Isufu sama yana ta zaginsu, wai su sauke shi za su yaga masa riga.

Daga ranar ba a ƙara kashe ɗan gajeren fim a gidan nan ba. Mutane suka koma zuwa da wuri, ko za su ga garinsu. Sunan Alƙalin Tukwane kuwa ya bi shi, amma shi da kansa yake amsawa yana murmushi.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Na hau kabu-kabu na je gidansa. Idanunsa sun yi rauni, jikoki ke kunna masa fim a waya yana kanga ta a kunne, kuma duk da haka yana yanke hukunci. Ya ce finafinan yanzu hoto ya yi kyau amma gaggawa ta yi yawa, ba sa barin mutum ya dubi fuska.

Na ce, "Alƙali, cikin duk abin da ka kalla a duniya, wanne za ka ce a je?"

Ya ce, "Kai ma ka sani." Sannan ya ce, "Lawali, har yanzu kana ganin ta?"

Na ce, "Kullum."

Ya ce, "To ai mun ci."

Mun ci, Isufu. Wallahi mun ci. Gwangwanin nan ban san inda ya ƙare ba, na nema ban samu ba. Amma na tsufa da fuskar uwata a gabana, cikakkiya, tana dariya, kuma kai ka ba ni.

Za a yi jana'izarsa bayan azahar a Sabon Gari. Wanda ke kusa ya zo.

Wanda ke nesa, ina roƙon ku abu ɗaya. Kar ku tsaya a danna hoton kuka a ƙasan rubutun nan. Ku ajiye wayar, ku ɗaga hannu ku kira sunansa, Isufu, ku nema masa gafara. Ku haɗa da Inna da Iya.

Ya Allah, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalansa haƙuri. Bawanka ne da ya rufe rumfarsa ya sa aka yi masa dariya, don uwa ta dubi ɗanta. Ya Allah, ka dube shi da idon rahama.

Amin.