Matattun Kwansuna a Ɗamarar Halfan

Marhun ɗan Suwaid maƙerin tagulla ne a Lujail, ƙauyenmu da ke maƙale a ƙirjin dutse, tafiyar kwanaki a kan jaki daga bakin tekun Oman. Ubansa butocin gahawa da tasoshi yake gyarawa, shi ma da su ya fara. Amma abin da ya kai sunansa har ƙauyukan bayan dutse shi ne kwanson harsashi.

A wancan zamani kowane magidanci yana da doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, gadon uba ko na kaka, wadda Turawan da suka ƙera ta sun daɗe da daina yi mata harsashi. Saboda haka ba a yar da kwanso. In mutum ya harba, ƙasa yake fara dubawa kafin ya duba abin da ya auna. Ya tsince kwansonsa, ya hure ƙura, ya kai wa Marhun ya sake ɗurawa.

Ɗurin kansa ba shi da wuya. Wuyar tana gindin kwanso, inda akwai ɗan gurbi da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, mazaunin 'yar ƙwayar da ke tada wuta. Kowane harbi sai gurbin nan ya ɗan buɗe. Da babban yatsa Marhun yake gwadawa. In ƙwayar ta shiga da gardama, kwanso yana da rai. In ta faɗa salin-alin, sai ya kife shi a kan ƙarfe, ya bi bakin gurbin da 'yar guduma a hankali har ya tsuke. Sau biyu yake yi wa kwanso wannan gata. A na uku sai ya ce ya mutu, ya take bakinsa da guduma a gaban mai shi, don kada wani ya ɗura shi a ɓoye wuta ta dawo masa a fuska. Ba ya jin magiya, ko ta liman ce. Mutum ne mara yawan fara'a, mai son abu ya tsaya inda ya ce, kuma a iya sanin mutanen Lujail aminin da yake dariya da shi ɗaya ne, Halfan mai hawan dabino.

Tare suka yi kiwon awaki suna yara. Halfan gajere ne mai baki, a samartakarsa ba wanda ya kai shi hannu a harbi. Kusan kullum da la'asar sai ya leƙo rumfar Marhun.

"Kai mala'ikan mutuwar kwansuna, yau su wa ka aika lahira?"

"Naka nake jira, Gajere. Zauna, in ƙafarka za ta kai ƙasa."

Halfan ya gaji ɗamarar harsasai daga ubansa, ta jar fata mai maɗauri na azurfa. A wurinmu ranar Idi ko ɗaurin aure namiji ba ya fita sai da wuƙarsa da ɗamararsa, kuma ɗamara ake fara kallo kafin fuska. Wadda take da giɓi ta tona asirin gidan mai ita ke nan. Wata rana Halfan ya kawo kwansuna, ɗaya ya faɗi gwaji karo na uku. Marhun ya ɗaga guduma, sai Halfan ya cafke masa wuyan hannu.

"Tsaya, don girman Allah."

"Ya mutu, Halfan."

"Na ji ya mutu. To gawa ba a yi mata sutura? Cika shi da yashi, ka ɗora masa dalma a ka, ka goge shi ya yi ƙyalli. Ɗamarar babana ba za ta je masallacin Idi kamar bakin tsohuwa ba."

Marhun ya sauke gudumar. Bai taɓa yi wa kowa haka ba, bai kuma ƙara yi wa wani ba. Ya cika kwanson da yashi, ya liƙa masa tsohuwar ƙwaya da ta riga ta ci wuta, ya miƙa masa.

Daga nan abin ya zama sirrinsu. Shekaru suka ja. Ruwan magudana ya ja baya, dabino ya rage haihuwa, sannan Halfan ya faɗo daga bishiya ya goce ƙugu, hawa ya gagare shi. Masu hali suna samun kwanso jefi-jefi a hannun fatake, shi kuwa ba shi da abin saye. Ɗaya bayan ɗaya nasa suka riƙa mutuwa, Marhun yana yi musu sutura, ɗamara tana nan cike tana ɗaukar ido. Har aka zo kan na ƙarshe, ana gab da babbar Salla.

"Wannan ma ya bi 'yan'uwansa," in ji Marhun.

"Ɗan ƙara bubbuga shi, sau ɗaya tak."

"Na bubbuga sau biyu. Tagullar ta yi laushi kamar alewa, ba abin da za ta riƙe."

"Kai dai ko matarka ce ta yi tari sau uku, binne ta za ka yi."

Suka yi dariya, Marhun ya cika shi da yashi. Hankalinsa duk yana kan tagullar, bai ɗaga kai ya dubi fuskar mai ita ba.

Ran da aka tono naman layya daga ramin da ake binne shi ya gasu, aka ci aka ƙoshi, maza suka gangara busasshen rafi don wasan harbi, aka kafa farin dutse can a gindin tsauni. Halfan ya jima yana kaucewa da sunan ciwon ƙugu. Amma a shekarar akwai Zahir, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya dawo daga aikin haƙar man fetur da sabuwar bindiga mai cin harsashi da yawa, ya ɓarar da su duk bai taɓa dutsen ba.

"Baba Halfan," in ji shi, yana dariyar borin kunya, "tun muna yara ake cika mana kunne da hannunka. Ko dai labarin ya fi harbin?"

"Yaro, lokacin da nake fasa duwatsun nan ubanka bai iya ɗaura zane ba. Matsa ka ga aiki."

Aka kwashe da sowa. Halfan ya ɗingisa ya fito, ya zaro harsashi daga ɗamara. Marhun yana tsaye kusa da shi, ya san babu mai rai a ɗamarar, sai idonsa ya sauka a gindin kwanson. Sabuwar ƙwaya ce a gurbin, an liƙe ta da ƙaro, yana sheƙi a rana. Nan take ya gane Halfan ya zazzage yashin a gida ya ɗura albarushi da kansa. Harsashin ya shige bindiga, Halfan ya kai ta kumatu zai auna.

"Kada ka harba!" Marhun ya daka tsawa, ya bankaɗe bakin bindigar sama. "Makancewa kake so ka yi? Mataccen kwanso ne! Babu mai rai ko ɗaya a ɗamarar nan, ni na cika su da yashi da hannuna!"

Da dariya aka yi, da abin ya zo da sauƙi. Amma ba a yi ba. Kowa ya kau da kai daga ɗamarar, Zahir ya sunkuyar da nasa. Halfan ya buɗe bindiga ya cire harsashin, ya mayar da shi mazauninsa a natse, ya ce wa jama'a a yi wasa lafiya, ya hau hanyar gida yana ɗingishi.

Sai da ya ɓace a cikin dabinai Marhun ya ji nauyin ɗamarar da ke ƙugunsa. Harsasai masu rai ne a ciki, irin na bindigar Halfan. Kuma al'adar filin ce aboki ya miƙa wa aboki harsashi ya ce, harba da nawa, girmamawa ce da ba a ƙi. Da ya dafa bindigar ya faɗi haka, da Halfan ya fasa dutsen, da ba wanda ya san komai.

Washegari ya je gidansa. Halfan ya tarbe shi a bakin ƙofa, ya shimfiɗa masa darduma mafi kyau, ya kawo dabino, ya tsiyaya masa gahawa yana tsaye kamar yadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa.

"Halfan, idonka na ji wa tsoro."

"Na sani, Malam Marhun. Allah ya saka da alheri."

"Malam kuma? Zage ni mana, kamar yadda ka saba."

"Wane ni." Ya ƙara masa gahawa. Can ya ce, a hankali, "Da ka bar ni, ido ɗaya zan rasa. Mai ido ɗaya yana zama cikin mutane."

Halfan bai sake ɗaura ɗamara ba, bai sake gangarawa rafi ranar Salla ba. Sun ƙara shekaru masu yawa a ƙauye ɗaya, suna sahu ɗaya a masallaci, suna cikakkiyar gaisuwa, a tambayi iyali, a tambayi dabino, a rabu. Marhun ya ci gaba da aikinsa har sababbin bindigogi suka cika ƙasa aka daina kawo masa kwanso, ya koma kan butocin gahawa. Mutane sun shaida cewa a tsawon aikinsa ba wanda wuta ta taɓa dawo wa a fuska. In an faɗa a gabansa, sai ya ce a miƙo masa butar da ke yoyo.